Kwaɓin da Ya Ƙi Tashi

Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da kwalabenki da 'yan halittun nan da kike wuni kina leƙe a madubi. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Kawu ta yi sauƙi, har yana iya biyo ni da gudu in ya ga dama. Inna ta aiko daga gida tana gaishe ki, tana tambaya wai ko kin yi ƙiba. Na ce mata wanda abincinsa littafi ne ina zai ga ƙiba.

Ki yi haƙuri da rubutun allo, shi na iya. Da na kira ki, to wayata tana aljihun Kawu tun ranar da na kira shi da muryar jami'in duba tsafta, ya sa aka wanke gidan burodi kaf har da rufi. Direban motar fulawa ne zai miƙa miki wannan.

To ga magana. Yau kwana tara burodinmu bai tashi ba. Kin san ni ke kwaɓi. In kwaɓa, in rufe, in dawo, in tarar da shi kwance a kwano kamar wanda zazzaɓi ya kayar. In an gasa kuma, in kika jefi kare da shi sai an kai ki ƙara. Jiya mai shayin bakin tasha ya dawo mana da guda ashirin, ya ce haƙoran mutanensa ba na haya ba ne.

Kawu ya ce ni ne. Ya ce wasana ya tashi daga kan mutane ya koma kan abincin gida. Ya karɓe makullin sito daga wuyana a gaban kowa. Ya ce in ƙarshen wata ya zo burodi bai dawo yadda yake ba, in tattara in koma wurin Inna, kuma kada in sake taka ƙofarsa. Shekara shida ina wannan kwano, Yaya. Ban iya komai ba sai shi.

Ni kuwa na zauna na yi tunani. Ranar da abin ya fara, ranar ce muka fara aiki da kwalin busasshen yis ɗin da kika aiko. Ɗanyen da muke saye a da, mai kama da sabulu, bai taɓa ba mu kunya ba sai dai saurin lalacewa. Naki kuma kamar yashi. Shi ya sa nake tambaya, tsakaninki da Allah: ramuwar kwaɗon nan ce da na saka miki a jaka ranar tafiyarki? In ita ce, kin rama, na ji a jikina, har na sara miki. Sai ki rubuto wa Kawu ki ce ke ce, tun kafin ya ɗora min jakata a ka.

Naki,
Auta

Ranar Asabar

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai idanu da suka gaji da bin ƙafafun kajin da kake kira rubutu. Ka gaida Inna, ka ce mata na ƙaru da kilo ɗaya, na tabarau ne.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman inda ka ɓoye dariyar. Kai ne fa ka taɓa aiko min cewa Baba, Kawun naka, ya karye a ƙafa, na kwana a mota ina kuka, na iso na tarar ƙafar kujerarsa ce. Yanzu kuma in yarda wai burodi ya kwanta ciwo? Na kira Baba don in ji gaskiya. Ina ambatonka ya ce kada in ɓata masa rana, ya kashe. Wannan ya sa na fara tunanin ko da wani abu, amma bai gaya min ko wane ne mai laifi ba.

Kwaɗo kuwa ban manta ba, kuma ban yafe ba. Amma ni in zan rama, a kanka zan rama, ba a kan tanderun ubana ba. Yis ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Irinsa muke aiki da shi a ɗakin bincikenmu, ni da kaina na gwada kafin in aiko. Baba ne ya yi ta kukan ɗanyen yana lalacewa, na ce bari in huta da ƙorafi.

In da gaske kake, amsar tana cikin kwalin. Ku duba.

In kuma ka zuba wani abu a ciki don ka ga fuskar Baba, ka je ka durƙusa tun da sauran kwanaki. Sannan ka rubuto min yadda kuke haɗa kwaɓin, daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko ɗaukar cokali. Maƙaryaci a wurin bayani dalla-dalla yake tuntuɓe, ina jira in ga naka.

Yayarka

Ranar Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ban da ni da wuyana ya sage.

"Amsar tana cikin kwalin." Wato kin amsa da bakinki akwai abin da kika saka. Na roƙi Mai Tanderu, dattijon nan da ke mana gashi, ya ɗauko min kwalin daga sito. Na zazzage shi, na ɓare gindinsa, na shinshina, har lasa na yi. Ba komai sai fakitin yis goma sha ɗaya da ƙurar hanya. In dariya kike min daga can, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Yanzu an cire ni daga kwano. Buhunan fulawa nake saukewa daga mota, shi ya sa wuya. Mai Tanderu ne ke kwaɓi, Kawu na tsaye a kansa. Burodin bai tashi ba. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida ta fito. Sai Kawu ya ce ai wannan ya nuna tun a sito na lalata yis ɗin, wai na huda fakitin da allura na busa masa wani abu. Yaya, ni da ko allurar ɗinke wandona ban mallaka ba! Kowa a gidan nan yanzu da gefen ido yake kallona. In na yi atishawa sai an duba kwano. Masu shayi uku sun koma gidan burodin bayan kasuwa.

Ga bayanin da kika nema, ki nemi tuntuɓen. Da safe nakan auna fulawa a babban kwano, in zuba gishiri da sukari da mai. In ɗauko jarkar ruwa daga firij, mai ƙanƙara a wuya. Wannan dokar Kawu ce tun da ya sayi firij, saboda ɗakin kwaɓi yana jikin tanderu, in ruwa ba sanyi kwaɓi yakan yi gaggawa ya yi tsami kafin a yanka. In tsiyaya ruwan a kofin silba, in zuba yis, in dama da yatsa har yatsan ya mutu, kamar yadda muke wa ɗanyen. Naki ba ya narkewa da daɗin rai, sai ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi duhu-duhu yana wani ƙarni. In juye a fulawa, in ƙara ruwa, in murza. Kwaɓin sai ya saki jiki, yana bin hannu yana danƙo kamar ya ga uwarsa. In rufe da buhu. Shi ke nan. Haka na yi, haka Mai Tanderu yake yi, haka Kawu ya yi shekara talatin.

Saura kwana goma sha bakwai. Na rantse da allon da na wanke na sha, ban taɓa yis ɗin nan da mugunta ba.

Auta

Ranar Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa, in har ana amsawa.

Kwana goma sha biyu ba ko layi. Direba ya zo sau biyu, ina tare shi tun daga kwana, yana ɗaga min hannu wayam. Mai gaskiya ba ya shiru haka. Ko kin gano kuskuren naki ne kina jin kunyar Kawu, kin ga gara a kori Auta, dama shi ya saba da faɗa?

Kawu ya koma sayen ɗanyen yis kaɗan-kaɗan, burodi ya ɗan tashi, sai hakan ya ƙara tabbatar masa wai na kashe na kwalin. Ya kawo wani ɗan maƙwabci yana gwada shi a kwanona. Yaron yana murza kwaɓi kamar mai wanke wa akuya baya.

Na ɗaure jakata. Ban gaya wa Inna ba. Saura kwana biyar.

Auta

Ranar Laraba

Auta,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Lafiyata ƙalau, kuma ba shiru na yi ba. Wasiƙarka ta Laraba ta kwana goma sha biyu a ƙarƙashin kujerar direba, jiya ya kawo min biyun tare, ɗaya da tabon man inji. Wannan na ba wani fasinja da zai iso gobe.

Na yarda da kai. Ba don rantsuwarka ba, don jarkar nan. Ba za ka iya ƙirƙiro wannan ƙaryar ba, domin ba ka san ita ce amsar ba.

Ka natsu ka ji, wannan shi ne aikin da nake yi shekara uku. Yis ba gari ba ne, halitta ce mai rai, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana cikin wata 'yar riga ta maiƙo, siririya, ita ke tsare abin cikinta kada ya zube. Muddin da ruwa a jikinta, rigar a narke take, mai laushi, kamar mai a cokali. In aka busar da ita, ruwan da ke ratse tsakanin maiƙon ya fita, sai maiƙon ya matsu ya daskare kamar kitsen da ya huce a faranti, ko da ɗakin na da zafi. Ba ta mutu ba, barci take. Haɗarin yana wurin tashi. In ka kwara mata ruwan ƙanƙara, ruwa zai afka mata rigar tana a sandare. Nan ya saki, can yana ƙage, sai ta tsattsage a tsakani, abin cikinta ya tsiyaye. Duhun da ka gani a kofi, cikin yis ne ya zube. Abin da ya zube ɗin kuma shi ke kashe wa kwaɓi ƙarfi har yake bin hannu. Ruwan ɗumi kuwa yakan narkar da maiƙon tukuna, ruwa ya shiga rigar tana miƙewa, ba ta yage ba. Ɗanyen yis ba a taɓa busar da shi ba, shi ya sa bai damu da sanyinku ba.

Wato kullum da safe, da hannunka, bisa dokar Baba, kake kashe shi.

Ga abin yi. Kofi biyu, fakiti sabo. Ɗaya ruwan firij, ɗaya ruwa mai ɗumin da ya ɗan fi na jiki, wanda yatsa zai zauna a ciki ba ƙorafi. Kada ya yi zafi, zafi ma kisa ne. Ɗan sukari a kowane, a bar su minti goma. In ya farka, ku zuba ruwan sanyinku a kwaɓi yadda kuka saba. Amma kai kada ka taɓa komai. Ko kofin ka kalla da yawa Baba zai ce ka yi masa dabo. Shi zai yi da hannunsa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ta hana ni sakewa da kai gaba ɗaya. Duk wannan na rubuta wa Baba da boko, a takarda mai ruwan ɗorawa, har na zana kofi da yatsa a ciki. Na ɗora ta a saman fakitin, na manne kwalin da kaina. Ita nake nufi da amsar tana ciki. Wa ya fara buɗe kwalin nan, Auta?

Yayarka

Ranar Lahadi

Yaya Mai Tabarau, ranki ya daɗe,

Sallama. Kowa lafiya. Daga gidan burodi nake rubutu, ba daga wurin Inna ba, sai ki saki ranki ki ji yadda aka yi.

Da na kai ƙarshen wasiƙarki sai na tuna. Ni na buɗe kwalin. Na ga takardar. Kin san ni da boko, sai na yi ta haɗa baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ga zane-zane, na ɗauka tarkacen makarantarku ne kika cusa don kada kaya su yi motsi. A ranar kuwa na kama wani kyankyaso ƙato, mai gashin baki kamar na Kawu, ina neman abin naɗe shi. Na naɗe shi a ciki da kyau, na zura wa Mai Tanderu a aljihu, na ce saƙo ne daga wata bazawara. Ya buɗe, ya yi tsalle, hularsa ta faɗa garwashi, ya jefa takardar a wuta. Mun yi dariya har da hawaye. Washegari burodi ya kwanta.

Na yanke a raina zan nuna wa Kawu wasiƙar in naɗe gindinta, ya ga kofi biyu kawai.

Ranar Juma'a da hantsi na same shi a ɗakin kwaɓi. Ya karɓa, ya juya, ya ce, "Da rubutun allo? Wa ya sani ko kai ka zauna ka tsara?"

Na ce, "Kawu, ni in zan yi ƙarya ai mai daɗin ji zan yi, ba rigar maiƙo ba."

Mai Tanderu ya ce, "Maigida, kofi biyu ne fa. A gwada, in wasa ne ni zan riƙe maka shi."

Na ce a ɗaure ni ma. Kawu bai yi musu ba. Mai Tanderu ya ɗaure min hannu ta baya da igiyar buhu, kuma wallahi ya ja ta da hular nan a ransa. Aka tsayar da ni a waje, ina leƙe ta taga. Kawu ya zaɓi fakiti daga ƙasan kwali, ya ɗaga shi a rana yana neman hudar allura. Kofunan ma bai yarda da namu ba, daga shagon tela ya aro. Ya sirka ruwa, ya tsoma yatsa, ya zuba yis a kofunan biyu, ya tsaya yana kallon agogo.

Minti biyar ba komai, na fara karanta duk abin da na haddace. Sai na ɗumin ya fara ido-ido. Kafin minti goma ya yi kumfa ya hau, ya taho bakin kofi yana leƙen tebur, ɗakin ya ɗauki ƙamshin da muka yi wata ba mu ji ba. Na sanyin yana kwance, ruwa ya yi duhu. Kawu ya wanke kofunan, ya musanya su, ya sake. Haka dai.

Ya ajiye kofunan. Sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Ita kuma da duk karatunta, ta aiko min da kaya ba ko layi ɗaya na bayani? Ta sa na yi wata ina zargin ɗan ƙanwata, na kusa korar shi a banza?" Ya laluba aljihu ya ciro waya. "Yau za ta ji ni."

Yaya, ga ni a wanke tas. Shiru kawai zan yi, makulli ya dawo wuyana, ke kuma ki sha faɗan kwana ɗaya a waya, kina nesa, ba abin da zai taɓa ki. Har na ji daɗin shirun a bakina. Sai na tuna kin ce kin yarda da ni, kuma a gidan nan ba wanda ya faɗi haka wata guda.

Na ce, "Kawu, ta rubuto."

Ya juyo. Na faɗa masa duka, har gashin bakin, sai dai ban ce irin na wa ba. Mai Tanderu ya dafe kai ya ce, "Au! Takardar bazawarar nan?"

Kawu ya zo bakin taga ya tsaya yana kallona. Na sunkuyar da kai ina jiran mari, ga hannu a ɗaure, ko karewa babu. Ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? Kai ba ka da mugunta, amma wasanka yana da ita." Ya koma ciki. Ya tsaya gaban firij, ya ce da shi, ba da mu ba, "Ruwan ƙanƙarar kuma ni na ce a zuba." Sannan ya ce da Mai Tanderu, "Kwance shi. Kai kuma wanke hannu, kwaɓi na jira."

Jiya burodi ya tashi har yana taɓa rufin gwangwani. Makulli bai dawo wuyana ba, bai kuma koma aljihunsa ba, ya rataye shi a ƙusa tsakaninmu. Waya ko zancenta ba a yi. Ya kuma yanke min hukunci: kullum in an gama gashi zan zauna in karanta masa rubutun jikin buhun fulawa da na fakiti, baƙi-baƙi, har in iya. Mai Tanderu yana bina hula.

Ga ƙunshi nan na ba direba. Ki buɗe da hannunki.

Naki,
Auta

Ranar Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, Baba ma ya kira, ya yi minti goma yana ba ni labarin rigar maiƙo kamar shi ya gano ta. Bai ambace ka da faɗa ba ko sau ɗaya.

Ƙunshinka a tsakar gida na buɗe shi, da sanda, abokan aikina suna tsaye nesa, domin na ba su tarihinka. Burodi ne. Na yanka shi gida huɗu ina neman ƙafafu, ban samu ba. Ya bushe a hanya ya zama katako, sai na jiƙa shi a shayi mai ɗumi, ya farka. Ya yi daɗi, Auta.

Ni ma da nawa laifin. Na san wanda ke kwaɓi a gidan nan, na kuma san rubutun da ya iya, amma na rubuta wa wanda ba ya taɓa kwano. Don haka ga wata takardar mai ruwan ɗorawa a cikin ambulan ɗin nan, da rubutun allo, taka ce kai kaɗai. Na naɗe ta da kyau. Za ka ji ta ɗan yi nauyi.

Ka buɗe da hannunka.

Yayarka